Dokin da Ya Koyi Gaisuwa

Saura kwana goma sha bakwai a yi sukuwa na gane cewa na ɓata dokin Baba da hannuna.

Launinsa bidi ne, ɗan shekara uku, haihuwar gidanmu. Baba ne ya fara sa masa ragama, shi ya fara ɗora masa sirdi, sai ciwon ƙafa ya zaunar da shi, horon ya dawo kaina. Ni ne auta, kuma ni ne ɗan firit a gidan, ba ni da nauyin da zai dami doki. Kullum bayan asuba in fita da shi kilisa, in dawo in yi wanka, in wuce firamaren da nake koyarwa.

Yayana direban bas ne, Ɗambatta zuwa Kano. Ya daɗe yana hararar turken da ke ƙofar gidanmu, wai nan ne daidai rumfar ajiye mota, kuma dokin yana cinye dawar da iyali za su ci. Ranar da suka yi maganar da Baba ina tsaye da buhun dusa a kafaɗa. Yaya ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, in ya shiga ukun farko a sukuwar bayan kaka, na yi shiru ke nan. In bai shiga ba, akwai mai sonsa a Bagwai, a ba shi, a tone turken." Baba ya ce ya yarda. Kakanmu ne ya kafa turken nan, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganinsa babu doki ba.

To, garinmu ba fili. Gona ce jingine da gona, ko inda akuya za ta juya sai an yi shawara. Wuri ɗaya ne doki zai iya miƙe ƙafa, burtalin da shanu ke bi zuwa rafi. Kuma duk mai gona a bakin burtalin nan, ko ya girme ni ko ya goya ni. Ta yaya zan wuce dattijo yana duƙe da fartanya ban ce masa komai ba? Sai in ja linzami in ce sannu da aiki, ya ce sannu da hawa, ya ƙafar Malam, in ce da sauƙi, sannan in sake sakin doki. Damina guda da kaka guda muna haka, ban ga komai a ciki ba.

Ranar da abin ya fito fili, na sake shi gaba ɗaya don in ga iyakar gudunsa. Muka zo gonar Kawu, maƙwabcinmu, tsohon da suka taso tare da Baba. Shi Kirista ne, amma ba a taɓa suna ko rasuwa a gidanmu ba shi ba. Ya ɗago daga cikin karan dawa ya ce, "Sannu da hawa, auta." Ban taɓa linzami ba, wallahi ban taɓa ba. Dokin ya turje ya tsaya cak, na wuce ta kan wuyansa na zube a tarin harawa. Da na ɗago, yana tsaye kunnuwa a miƙe yana kallon tsohon, yana jira a gama gaisuwa.

Kawu ya yi dariya har ya zauna a kan kunyar gona. Na roƙe shi ya sake, muka gwada sau uku, sau ukun yana tsayawa. Dokin ya ɗauka kalmar sannu ita ce umarnin tsayawa, kuma ni na koya masa. A filin sukuwa kuwa, ina ne ba a cewa sannu?

Na faɗa wa Baba yana zaune a zaure, ƙafar a miƙe kan buzu. Na ce zan toshe masa kunne da auduga. Ya ce in gwada. Na gwada, dokin ya dinga girgiza kai yana tafiya a karkace, dole na cire. Na ce to bulala ce ta rage. Baba ya dube ni ya ce, "Ka dake shi a kan abin da kai ka koya masa? Kai wa zai doke ka?" Raina ya ɓaci ƙwarai, don ba amsa nake nema ba, mafita nake nema.

Abin da na yi daga nan har yau ina jin kunyarsa. Gida gida na bi, ina durƙusawa ina gaishe da mutane don in roƙe su kada su gaishe ni. Wasu suka gane, wasu suka yi ta dariya. Wata tsohuwa da labarin bai kai mata ba, da na wuce ta a guje ban tanka ba, ta je ta shaida wa Inna cewa aikin gwamnati ya kumbura mini kai. Maganar ta ci ni, na wuni ba na son kallon kowa.

Da dokin ya saba da wucewa babu tsayawa, Kawu ya kawo dabara. Ya samo baƙin da suka zo masa aikin girbi, ya jera su a burtali suna ta kwaɗa sannu, ni kuma ina matse dokin da gwiwa. A hankali ya daina kula muryar da bai sani ba. Amma muryar gida, ina. In Kawu ne, sai ya rage gudu. In Baba ne kuwa, ko daga cikin zaure ya yi magana, dokin nan sai ya kafe ƙafa huɗu.

Ana saura mako guda, Baba ya ce a ba dokin kanwa ya wanke ciki, a sauke sirdi, ba sauran gudu sai ranar sukuwa. Nan na ɗaga murya a gabansa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce aiki bai ƙare ba, hutun me? Bai kula fushina ba. Ya dogara sanda ya fito, ya kama hannuna ya ɗora a bayan ƙwaurin dokin na gaba, ya ce, "Taɓa nan." Jijiyar da zafi. Ya ce, "Ka ci gaba da gudu, ranar sai ka je da doki mai ƙafa uku wanda ba ya gaisuwa."

Ban taɓa ganin mako mai tsawon wannan ba. Da safe in ja shi da ragama zuwa rafi, in tsayar da shi cikin ruwa har gwiwa, in dawo in shafe ƙafar da ɗanyen yumɓu. Shi yana cin harawarsa hankali kwance, yana ƙara sheƙi, ni kuwa ko tuwo na kasa ci. Kullum ina tunanin yana can yana manta abin da muka gyara. A aji na rubuta lissafi ba daidai ba a allo, yara suka gyara mini. Ranar Laraba kuma Yaya ya sauke kwanon rufi daga motarsa, ya jingine shi a bango daf da turken. Na kusa haɗiye zuciya.

Ranar sukuwa Inna ta wanke wa Baba babbar rigarsa, Yaya ya gyara masa kujerar gaban mota. Sai Baba ya ce ba za shi ba. Na ce, "Baba, shekara uku kana jiran yau." Ya ce, "Na san bakina, auta. Tun ina saurayi nake zuwa sukuwa, ban taɓa iya yin shiru ba. Ku je."

Filin yana bayan Ɗambatta, dawaki tara, zagaye biyu. Jama'a na ta ihu, amma a gefe guda ga mutanen garinmu a jere, bakinsu gum kamar masu zaman makoki, Kawu na gabansu da sanda. Aka sake mu. Bidin ya tashi da kyau, ƙafar ba ta nuna komai ba. Hayaniyar baƙi ta yi ta zuba a kunnensa bai waiga ba. A zagaye na biyu muka wuce gaba, na fara jin daɗi, na fara cewa a raina an gama.

A kwanar ƙarshe wata murya ta keto sauran. "Sannu bidi! Sannu namu!" Yaya ne. Yana tsaye a kan rufin motarsa, hula a hannu, yana tsalle, ya manta da rumfa, ya manta da komai. Na ga kunnen dokin ya juya, na ji gudun ya saki a ƙarƙashina. Doki ɗaya ya wuce mu, na biyu ya wuce, na uku ya kawo kai daidai gwiwata. Na kwanta a wuyansa ina kiran sunan Allah, ina matsa shi da duk ƙarfin da nake da shi. Ya sake ɗauka. Da tsawon wuya muka riga wancan, muka zo na uku.

Da la'asar muka iso gida, ina jan dokin, Yaya na biye yana ɗingishi don Kawu ya sauke masa sanda a ƙwauri. Baba na zaune a gindin turken sanye da babbar rigar da aka wanke masa. Ya kasa karanta fuskata. Ya ce, "Sannu da zuwa." Dokin ya tsaya cak a gabansa.

Na ce, "Na uku, Baba."

Ya ɗora hannu a kan turken ya daɗe bai ɗauke ba. Yaya ya wuce ya fara kwashe kwanon rufinsa. Sai Baba ya matsa ya ba ni wuri a kan buzu, ya ce, "Zauna ka faɗa mini tun daga tashi. A hankali, kada ka tsallake komai, ni ban gani ba."