Saƙon Sani Sai Yau Ya Iso

Jama'a, yau mamaci ya turo mini saƙo!

Ƙanena Sani ne, wanda jirgin ruwa ya kife da su ranar kasuwar Warra. Shekaranjiya muka binne shi. Ɗazu ina cin abinci waya ta yi ƙara. Sunansa!

Ya rubuta: "Yaya, zo ka ɗauke ni. Jirgin nan ya cika, ba na son shiga."

Na kai wa mai gyaran waya. Ya ce, "Ba aljani ba ne, Malam. Ranar kasuwa saƙonni kan yi wa na'urar kamfanin yawa. Ta zubar da wasu, wasu su maƙale."

Ranar ina gida kwance, babur cike da mai.

Inna ta tambaye ni, "Me ya ce?"

Na ce, "Gaisuwa ce, Inna."