Ranar da 'Yan Kasuwar Gwallaga Suka Zama Buhuna

Habila mutumin Dass ne, gyaran keke ya kawo shi Bauchi. Ana nan sai wani Bature mai komawa gida ya sayar masa da akwatin ɗaukar murya, irin mai aiki da batirin mota. Ya kama haya a siton Alhaji Hammadu, wani dillalin auduga a Gwallaga. Alhaji bai kwashe kayansa ba, tsakiyar ɗakin kawai ya bar masa, buhuna jere a jikin bango har sama. Habila ya yi ta ƙunƙuni, ashe alheri ne ya same shi. Auduga shanye amsa-kuwwa take yi, murya ta fito tas.

Masu kukuma da masu kalangu suka fara kama ɗakin. A ɗauki waƙarsu, Habila ya ɗaura akwati a keke ya je ya sa a gidan biki. Ba a daɗe ba 'yan kasuwa suka gane wani abu: mai yunwa ba ya hayar ɗaki don ya ji muryarsa, in ɗakin Habila na cika to da kuɗi a gari. Kafin su tafi Kano sarin atamfa sai su biyo ta wurin Habila su tambayi mutum nawa suka kama ɗaki a makon. In ya ce biyu, su rage sari. In ya ce har ana faɗa a kan layi, su ciko mota. Shi kuwa gogan, da ko farashin gishiri bai sani ba, sai ya gyara zama yana amsawa kamar akawun En'e.

Shekarar samun mulkin kai ɗakin bai huta ba. Zumuntar matan cocinsu ma suka kama shi, kuma matarsa Paulina ce mai ba da waƙa. An ce ranar bikin mulkin kan za a sa waƙar a lasifika a filin taro, gari duka ya ji. Saura kwana uku, Habila ya buɗe ƙofa da safe ya tarar da ɗaki wayam. Kowa na son sabuwar riga, masu kaɗi da masaƙa sun saye audugar da Alhaji ya ajiye tun rani, ko buhu ɗaya ba su rage ba.

Ya gwada akwatin, muryarsa ta dawo kamar daga cikin rijiya. Hankalinsa ya tashi ƙwarai. In aka sa wannan a fili sunansa ya ɓaci, kuma da muryar matarsa za a yi dariya. Ya rataya tabarmi, ya rataya barguna biyu da suke da su, duk a banza. Sai ya je ya faɗa wa Alhaji.

"Wai me audugar take yi maka ne?" in ji Alhaji.

"Tsayawa kawai take yi, ranka ya daɗe, ta yi shiru."

Alhaji ya dubi tumbinsa, ya dubi babbar rigarsa. "To ai ni ma na iya tsayuwa. Shirun ne dai sai a hankali."

Bayan azahar sai ga shi da 'yan kasuwa wajen ashirin, kowa ya ɗora riga a kan riga, har da sababbin da aka ɗinka domin bikin. Habila ya jera su a jikin bango kafaɗa da kafaɗa, masu ƙiba a kusurwa. Matan suka shigo suna sunne kai don kunya, aka rufe ƙofa, zafi ya ce salamu alaikum. Paulina ta ɗauki waƙa, sauran suka amsa. Mutanen da ba su taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba suka tsaya gumi na zuba, ba mai tari. Wani ya ji atishawa, ya cusa hanci cikin hannun rigar maƙwabcinsa.

Da aka gama, Habila ya mai da zaren akwatin baya, ya kunna. Waƙa ta fito garau, ta fi ta kowane lokaci, daɗi ya kama shi har ya kasa ɗaga kai. Ta ƙare, buhuna ba su motsa ba, Alhaji yana share ido da bakin rawani. Paulina, wadda shekara shida akwatin ke ciyar da gidanta amma ba ta taɓa jin kanta a ciki ba, ta matso a hankali.

"Baban Jesse," in ji ta, "ashe haka nake?"