Mohlomi Ya Tafi da Kunnuwana

Ranar Talata, tara ga Yuli, da hantsi, Dikeledi ta turo mini saƙo cewa mijinta, Mohlomi Sekoala, ya cika a asibiti. Ba ta kira ba, don ta san ba zan ji ba.

Mohlomi, shekara ashirin da huɗu muna zagaya gidajen Bloemfontein muna gyaran injin ɗumama ruwa, kuma a goman ƙarshe kai ne kunnuwana. Kafin in sauke akwatin kaya ka riga ka kara kunne a jikin injin. In ka ɗaga mini yatsa ɗaya, kafasita ce ta mutu, ɗan gwangwanin nan da ke ba moton fankar injin ƙarfin tashi. In biyu ne, moton kansa ya ƙone. Ni kuma in juya in yi wa mai gida bayani kamar ni na ji. Ba ka taɓa tona mini asiri ba. Sai mun shiga mota ka matso kusa ka ce, "Kurman banza, yau ma ka ci tuwo da kunnen wani."

Ka sha cewa in koyi gwada fanka da sanda, ina cewa girmana ya wuce wasan tsinke. Tsoro ne, kada a gane ba na ji, a daina kirana aiki.

Ranar Asabar, da muka dawo daga maƙabarta muka wanke hannu a ƙofar gidanku bisa al'ada, Dikeledi ta ja ni gefe. Injinku ya tsaya tun kana kwance, ga sanyi, ga baƙi. Na durƙusa na kara kunne, ban ji komai ba. Na ce a raina tare da sana'ata aka binne ka. Sai na karyo reshe na tura fankar, ta kuwa kama juyawa. Moto lafiyarsa lau, kafasita ce ta mutu. Na kashe wuta, na sauke cajin tsohuwar kafasitar da sukundireba yadda kake nanata mini, na sa sabuwar kafasita daga akwatinka.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini. Allah ya ba Dikeledi da 'ya'yanku haƙuri.

Da ruwan ya fara ɗumi, na ɗaga yatsa ɗaya na waiga gefen da kake tsayawa. Ba kowa, ɗan'uwa, kuma jibi Litinin ni kaɗai zan fita.