Wata Bakwai Ba Wanda Ya Duba Mama Rahila

Jiya na ci karo da Mama Rahila a Ƙofar Marke, matar da ke ja mana waƙa a coci tun muna yara.

Na ce, "Mama, kwana biyu ba ma ganinki a sujada."

Ta ce, "Wata bakwai ke nan, ɗana. Ciwon ƙafa ya kwantar da ni. Maƙwabciyata Hajiya Inno kaɗai ta lura, ta zo dubiya."

Kunya ta kama ni. A da, duk wanda ba a gani ba ran Lahadi, mata na dama fura su nufi gidansa. Haka cocin ya cika. Yanzu mun sayi lasifika, muna mamakin inda mutane suka tafi.

Ku fa, wa kuka daina gani ba ku je dubawa ba?