Salkar Baban Sitti

Makon jiya ɗana Faisal ya shigo yana ta washe baki, wai shi da abokan aikinsa za su hau jirgin ruwa zuwa wani ɗan tsibiri a Bahar Maliya, su kwana ɗaya. Ya nuna min hoton a waya: yashi fari fat, ruwa kore shar, ba gida ba mutum. Ban san lokacin da na fara jero masa tambayoyi ba. Akwai ruwan sha a wurin? Mai jirgin zai zauna da ku, ko zai ajiye ku ya juya? Wa kuka bari a gaɓa da ya san ranar dawowarku? Ya ce, "Yumma, ke da ko Jidda kika je ba kya yarda ruwa ya taɓa ƙafarki, min fen, daga ina kika san duk wannan?" Na ce masa a saman soronmu na unguwar Nakkasa, kusa da Harami, na koye shi.

Gidan yanzu babu shi, an rushe layin gaba ɗaya. A gefen dutse yake, kuma da an idar da Magariba kakata, mahaifiyar babanmu, da muke kira Sitti, takan hau sama da kaskon gawayinta ta ɗora shayi da na'ana'a. Ni da yayana Bashir mu zauna kusa da ita, hasken Harami yana leƙowa ta bayan duwatsu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin baki. Idan muka amsa mata da Larabci sai ta ce, "Ku ji min Larabawan roba, kakarku da ƙafa ta zo." Tatsuniyoyinta na dariya ne yawanci. Amma akwai labari ɗaya da idan za ta ba da shi takan janye butar shayin daga wuta ta ce, "Yau ba Gizo. Wannan da idona na gani." Da na ji haka sai in matsa in kama gefen zanenta.

Tana da kamar shekara tara a lokacin. Iyayenta sun baro ƙasar Damagaram da niyyar hajji tun tana goye, suka yi shekaru suna tsinkar auduga a Sudan kafin su tara kuɗin ƙetare teku. Ba su da takarda, don haka a wajen garin Sawakin, bakin teku, suka shiga sambuk, irin jirgin katakon nan mai filafilai, tare da wasu maniyyata. Kwana uku suna kan ruwa. Da hantsin na huɗu mai jirgin ya nuna wani farin yashi can gaba, ya ce ga Hijaz, su sauka da sauri kafin masu gadin gaɓa su gan su.

"Ya binti, 'yata, ba ki ga murna ba," in ji Sitti. "Dattawa da gemu suna kuka kamar yara."

Jirgin bai iya matsawa bakin yashin ba saboda duwatsun ƙarƙashin ruwa, sai mutane suka riƙa dirowa, ruwa iya ƙirji, kaya a ka. Innar Sitti kaɗai ta ƙi motsi. 'Yar makiyaya ce, ta san ƙasar da ba ruwa tun daga nesa. Ta duba ba sawun mutum, ba kashin akuya, ko ƙuda ɗaya bai zo ya tarye su ba. Abin da ya fi tayar mata da hankali, mai jirgin da ya kwana uku a teku bai sauke gangarsa ko ɗaya don ɗibar ruwa ba. Ta ce wa mijinta, "Malam, kada ka sauka. Ka bari shi ya fara sauka." Ya ce mata ta ji tsoron Allah, shekara nawa suna wahala, yau ga ƙasar Manzo a gabansa a ce ya tsaya yana ƙidayar ƙudaje? Ya cire salkar ruwansu daga kafaɗa ya miƙa wa Sitti, ya ce, "Riƙe min, kada gishiri ya shige ta. In yi sujjada in dawo in ɗauke ku."

A nan Sitti takan gyara garwashi. Bashir, da ke cika bakin shi ba ya tsoro, yakan fara kallon ƙafarsa.

Maniyyatan suna isa yashin suka zube gaba ɗaya, goshi a ƙasa, sujjadar godiya. Lokacin da mai jirgin yake jira ke nan. Ya saki filafilai, iska ta ja su. Inna ta yi ta ihu, ta kama shi da kokawa, ya hankaɗe ta. Sitti ta ce da farko Labbaika take jiyowa daga gaɓa, sannan muryoyin suka rikice, mutane suka faɗa ruwa suna ɗaga hannu. Da jirgin ya zagaya, sai ta ga wurin gaba ɗayansa: ɗan tsibiri ne, teku ta kowane gefe, bai fi unguwarmu girma ba.

"Sai da suka zama kamar tururuwa na duba cinyata," in ji ta. "Ga salka. Na rungume ta gam, don ya ce in riƙe."

Washegari mai jirgin ya yar da su a gaɓar gaske, ya san mace da yarinya marasa takarda ba inda za su kai ƙararsa. Masunta suka tsince su. Kafin Inna ta iya fahimtar da su da hannu, kafin iska ta kwanta su fita nema, kwanaki sun wuce. Sun dawo da mutum biyar da rai. Baban Sitti ba ya cikinsu.

Daga nan sai ta juyo kanmu da faɗa, kamar mu muka yi laifin. Kada mu taɓa sauka inda mai jirgi bai sauka ba. Mu duba ƙasa kafin mu duba sama. Ruwanmu ya zauna a jikinmu, ko uwarmu ce ta ce mu ba ta ta riƙe. Ni dai tsoro kawai nake kwasa. Na yi shekaru ina mafarkin na ɗago daga sujjada na waiga ba kowa, har a sallah nakan saurara in ji ko Bashir yana nan a bayana.

Na girma ina ɗaukar labarin a matsayin gargaɗin matafiya, kuma gargaɗin gaskiya ne, shi na ba Faisal. Sai a ciwonta na ƙarshe na gane ba don mu kaɗai take ba da shi ba. Ina da aure lokacin, ni nake jinyarta a unguwar Hindawiyya. Hankalinta ya fara tafiya yana dawowa. Leɓenta ya bushe, na kawo mata Zamzam a kofi, ta karɓa da hannu biyu ta manna shi a ƙirji, ta ƙi sha. Na ce, "Sitti, ki sha mana." Ta dube ni da idon yarinya ta ce, "Ba nawa ba ne. Bai dawo ba tukuna."

Duk daren da ta janye butar daga wuta, ashe laifin da take ɗora wa kanta take sake kawowa gabanmu, mu kuwa yara ne, ba mu gane ba. Ranar da ta ƙi shan Zamzam ɗin na durƙusa na ce, "Ya dawo, Sitti. Ya sha. Ya ce kin riƙe da kyau, saura naki ne." Ban san ko ƙaryar ta halatta ba, na dai roƙi Allah gafara. Ta shanye kofin tas.