Fallen da Ke Cikin Littafin Baba

Makon jiya a karar shanu ta Babura, malamin dabbobi ya buɗe wata kwalba zai wanke wa bijimina miki a tozo. Warin maganin na bugun hancina, sai na manta da mutumin da muke ciniki da shi. Yana ta tayi, ni kuwa na koma wata bukka a bayan gidanmu, a ƙauyenmu da ke gindin duwatsu tsakanin Roni da Gwiwa. Irin wannan warin ke tashi daga tsummokin da ake ɗaure wa babana ƙafa. Na tsufa a dillancin shanu, kuma ba a san ni da zubar da hawaye a kasuwa ba, don haka na ce ƙuda ne ya faɗa mini a ido.

Bari in ba ka labarin yadda yake, ba ƙari ba ragi.

Babana manomi ne, amma yana da hannun rubutu. Ba babban malami ba ne. Idan rani ya yi, yakan zauna a ƙofar gida da alƙalamin gamba da tawada yana kwafe surori a fallayen takarda, mutane suna karɓa. Ina da shekara kamar shida wani tabo ja-ja ya fito masa a goshi. Daga nan wata rana ya taka garwashi bai sani ba, sai da inna ta ji ƙauri. Mutanenmu ba sa son kiran sunan kuturta, sai dai su ce "ciwon nan". Baffana, wan baba, wanda shi ne babba a gidan, ya sa aka kafa masa bukka a bayan danga, aka ware masa akushi da ƙwaryar sha.

Zamanin Bature ne, shekarun da ake ɗibar samari zuwa yaƙi. Labari ya zo cewa 'yan mishan sun buɗe wurin jinyar kutare, tafiyar kwana biyu daga garinmu. Baffa ya ce gara mutum ya mutu a gidan ubansa da ya je ya sayar da imaninsa saboda allura. Baba bai yi musu ba. Ya dai ɗaura wa jaki akumari da sassafe ya tafi.

Damina uku ya yi a can. Da ya dawo, ciwon ya lafa amma ya riga ya ci rabonsa. Yatsun hannunsa duka sun tafi, sai dungu. Ya zo da ƙullin tsummoki masu warin magani, da wani baƙin littafi mai kauri. Baibul ne, da Hausar boko, wadda ya koya a can. A duk ƙauyen ba mai iya karanta ta sai shi.

Wanda ba shi da yatsu ba ya iya buɗe shafi, balle irin wannan takarda mai laushi kamar ɓawon albasa. Shi ya sa aikin ya zama nawa. Inna ba ta so, amma ba ta hana ba. Sharaɗinta ɗaya, in goge hannuna da toka kafin in taɓa tuwo. Da hantsi in na dawo daga kiwon awaki, sai in durƙusa kusa da shi, ya danne littafin da dungunsa, in ya ɗaga haɓa in juya.

A tsakiyar littafin akwai falle ɗaya da ba na littafin ba. Rubutun baba ne, na ƙarshe da ya yi kafin yatsunsa su sandare, layukan sun karkace kamar kunyar da yaro ya yi. Ayoyin Alƙur'ani ne, inda Annabi Ayuba ya kai kukansa ga Ubangijinsa. Ya saka shi daidai inda littafin Nasara yake ba da nasa labarin Ayuba. Yakan karanta wannan, ya karanta wancan, kamar yadda mai awo ke gwada mudu biyu. Sau ɗaya ya ce mini, "Kada baffanka ya ga fallen nan a nan. Ba zai gane ba."

Limamin garinmu tsoho ne mai sanyin hali, tare suka yi karatun allo da baba ko da yake ya girme shi. Shi kaɗai yake zuwa gaishe shi. Yakan shimfiɗa buzunsa nesa kaɗan, inda iska ba ta biyowa daga bukkar. Wata rana ya hangi littafin.

"Har yanzu kana tare da abin nan? Linjila gaskiya ce, Attaura gaskiya ce, amma wadda Allah ya saukar. Wannan an sa mata hannu."

Baba ya ɗaga dungunsa biyu. "To, Allah gafarta malam, ni dai ba nawa hannun ba ne."

Liman ya yi dariya har da tari, sa'an nan ya ɓata fuska. "Ba'a ba ta kai mutum Aljanna. Don sun wanke maka miki ba shi ne littafinsu ya inganta ba."

"Haka ne," in ji baba. "Mai gaskiya ma yakan sayar da kayan da aka cuce shi da su, bai sani ba. Amma kuma kai da kake cewa an canza, nuna mini wurin."

"Ina zan nuna maka, ni da ban iya rubutun kafirai ba?"

"To ka ga. Ni na iya, ban san na asalin ba. Kai ka san akwai na asali, ba ka iya wannan ba. Makaho da gurgu ke nan."

Bayan liman ya tafi, baba ya yi magana, ba da ni ba, da littafin. Ya ce namu littafin ya faɗa Ayuba ya yi haƙuri, kuma gaskiya ne. Nasu ma ya ce ya yi haƙuri, amma sai da ya yi tir da ranar da aka haife shi, ya nemi Allah ya gaya masa laifinsa. Ya ce liman zai ce nan ne wurin da aka sa hannu, don annabi ba ya faɗin haka, kuma mai yiwuwa liman ya yi daidai. "Amma duk wanda ya rubuta wannan, ya taɓa kwanciya jikinsa yana ruɓewa. Wannan kam ba gaya mini aka yi ba."

Ban taɓa jin ya yi shakkar akwai Allah ba. Abin da ya dame shi, me Allah yake nufi da shi. Salla kuwa, zan faɗi gaskiya: wata rana ya yi taimama da dungunsa ya yi ta a zaune, wata rana kuma ladan ya kira ya ƙare yana kallon rufin bukka. Masallaci dai ba ya zuwa, don ba mai tsayawa sahu da shi. A gari kuwa magana ta bazu. Wani ya ce an tsoma shi a ruwa a can. Wani ya ce ya gan shi cikin masu waƙa ranar Lahadi. Mata suka daina aron turmi a gidanmu. Baffa yana da 'ya'ya mata huɗu da suka tasa, ya fara jin ana kiran gidansa gidan 'yan mishan.

Damina ta biyu da dawowarsa, gero ya fara fitar da kai, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana shida. Ranar bakwai da hantsi, kowa yana gona, inna ta tafi rijiya, ni kaɗai nake wurinsa. Ya juyo da kai wajen littafin ya ce, "Buɗe mini." Na ɗauko. Littafin da kansa ya buɗe a inda ya saba buɗewa, fallen rubutunsa a dama, shafin boko a hagu. Na riƙe masa a gaban fuska. Idonsa yana kai, amma ban iya gane gefen da yake kallo ba. Hannuna ya gaji, na sauke, sai na ga ya riga ya tafi.

Kafin azahar an taru a zauren baffa. Maganar ɗaya ce: a yi masa salla a kai shi maƙabartar Musulmi, ko kuwa ya yi ridda. Baffa yana zaune, mai unguwa yana gefensa, liman a tsakiya. Aka kira ni, tun da ni ne shaida. Ina da shekara goma sha ɗaya. Na durƙusa a bakin ƙofa.

Liman ya ce, "Ɗana, kada ka ji tsoro. Ka ji ya yi kalmar shahada?"

"Ban ji ba, Allah gafarta malam."

"Ko leɓɓansa sun motsa?"

"Ban lura ba."

Baffa ya ce, "Me ya faɗa na ƙarshe?"

"Ya ce in buɗe masa."

"Buɗe me?"

"Littafin."

Mai unguwa ya yi salati a hankali. Liman ya matso gaba a kan buzunsa. Yanzu da na girma na san abin da yake yi, igiya yake nema, ko ta rama ce, da zai riƙe ya tsaya gaban mutanen nan. Ya ce, "Ba wani abu kuma? Tuna da kyau. Kowane abu."

Maganar fallen ta zo har bakina. Amma mu an rene mu a kan cewa ba a ajiye allo a ƙasa, ba a tsallake shi, ba a taɓa ayar Allah sai da tsarki. Na taɓa ganin an zane yaro har ya yi fitsari don ya ɗora takalmi kusa da gafaka. To ina ga a ce an cusa ayoyi a cikin littafin Nasara, kuturu yana danne su da dungu mai ruwa? Na ɗauka in na faɗa, laifinsa zai ninka. Ga kuma kashedin da ya yi mini. Na sunkuyar da kai na ce, "Babu."

Liman ya koma baya ya zauna. Bai ce baba kafiri ba ne. Ya ce kawai ba shi da abin da zai riƙe, Allah ne masani. Mutane suka fara neman takalmansu.

Baffa ya aika a kawo garwashi zai ƙone littafin a gaban jama'a. Liman ya tambaye ni ko akwai sunan Allah a ciki. Na ce kusan kowane shafi, yadda nake jin baba yana karantawa. Ya ce to ba a ƙona shi, ko wa ya rubuta, sai dai a binne. Ba wanda ya yarda ya taɓa kayan kuturu, balle ya buɗe. Ni aka sa na naɗe shi da tsumma na saka a tsohuwar tukunya. Ni kaɗai nake cikin bukkar lokacin. Gefen fallen ya leƙo kaɗan, na mayar da shi ciki da ɗan yatsana.

Kawuna, ƙanin inna, shi ya wanke shi. Shi da wani Bamaguje maƙwabcin gonarmu suka haƙa rami a tsakanin duwatsu biyu, inda ƙasar take da tsakuwa, magirbi yana tartsatsi. Inna ta ba da farin zanenta. Yayyafi ake yi. Ba sahu, ba kabbara. Bamagujen ya tube hularsa ya tsaya, don bai san abin da ake yi ba kuma bai ga ana yin komai ba. Aka binne tukunyar a gefen kabarin.

Sai da na kai shekara ashirin da ɗoriya, na fara koro shanu daga ƙasar Faransa, wato Nijar ta yau, zuwa Kano, sannan na iya faɗa. Liman ya makance lokacin. Na kai masa goro, na gaya masa maganar fallen. Ya tambaye ni wace aya ce, na faɗa masa. Ya karanta ta har ƙarshe. Sa'an nan ya ce, "Kai, yaro! Mutum ya mutu idonsa a kan wannan? Da ka nuna mini, ko ni kaɗai da na tsaya a kansa, kuma da na tsaya, da an bi ni." Na ce ban san ko fallen yake kallo ko shafin ba. Ya ce, "Ni ma da ban sani ba. Amma da ya ishe ni." Na tambaya ko za a iya yi masa sallar yanzu. Ya ce lokacinta ya wuce, addu'a ta rage.

Yau ciwon nan ƙwaya ake haɗiya a warke, yatsu suna nan. Littafin kuwa ana sayar da shi a Kano, jikokina duk sun iya karanta shi in sun so. Samari suna musu a kansa a rumfar mai shayi, kowa ya tabbata da nasa, har jijiyar wuya tana tashi. In sun tambaye ni, nakan ce ni Musulmi ne, na je Makka, ina kan abin da malamanmu suka faɗa. Amma ni ɗan kasuwa ne, ba na yanke wa sa kuɗi sai na buɗe bakinsa na ga haƙora. An yanke wa ubana hukunci a kan littafin da duk zauren ba wanda ya buɗe, kuma wanda ya san abin da ke ciki ya ce babu.

Da na sami hali, na sayi wannan fako na tsakanin duwatsu. Mai shi ya faɗi kuɗi yana jiran in taya, na biya ban ce uffan ba. Har yau ana ba da labari a kara cewa akwai ranar da aka cuce ni. Ba na noma shi, ba na barin a yi kiwo a ciki. Yarana sun ce in haƙa in duba ko tukunyar tana nan. Na hana. Ko na same ta, ba za ta gaya mini gefen da yake kallo ba.