Koci Glenda, Wadda Aka Ɗora wa Laifin Rufe Kokawa

Duk manomin da ke fita da sassafe ta bayan rumbunan alkama na Dry Fork ya san farar motar nan mai siffar akwati. Tafiyar hawainiya take yi a gefen titi, 'yan mata na gudu a gabanta a jere, iskar jihar Kansas ta Amurka na dukan su ta gefe kamar za ta kwashe su. A cikin motar akwai jarkokin ruwa da buhun lemo, da wata dattijuwa mai furfura da ta leƙo ta taga tana faɗa. Bakinta bai iya yabo ba. In yarinya ta yi abin a zo a gani, iyakar abin da za ta samu shi ne, "To, yau dai ba ki ba ni kunya ba." Daga nan sai ta mayar da su makaranta, ta tabbatar kowace ta karya kumallo ta shiga aji, sannan ta zauna bugun waya zuwa ƙananan garuruwa tana cigiyar yarinyar da aka ce ta iya gudu.

Wannan ita ce Glenda Unruh, mai horar da 'yan matan tsere na kwalejinmu, wadda garin nan kaf ke kira Koci, har da faston cocinsu. Ƙarshen wannan zango za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗoriya. Abin da kwaleji ta tanadar mata shi ne kek da kofi a ƙaramin ɗakin taro, a makon da rabin ma'aikata ke hutu. Abin da takaici, amma ba sabon abu ba ne, haka aka saba yi mata.

A nan yankin, ɗan manomi ko ɗan ma'aikacin mahauta da ke son karatun gaba da sakandare, sau da yawa ƙarfin jikinsa ne ke buɗe masa ƙofa. Ya yi wa kwaleji wasa, ita kuma ta ɗauke masa kuɗin makaranta. Tun kafin Glenda ta zo akwai dokar tarayya da ta ce makarantar da ke cin kuɗin gwamnati ba za ta fifita namiji a kan mace ba, har a fagen wasa. Dokar tana nan, kowa ya san da ita, amma a Dry Fork kusan duk tallafin karatun yana tafiya ne ga 'yan ƙwallon zari-ruga masu kwalkwali, sai ɗan abin da ya rage a yayyafa wa 'yan kokawa. 'Yan matan Glenda kuwa gudu da safe, aji da rana, da yamma su tafi wankin kwanuka a gidajen abinci. Ta ga yara masu ƙafa kamar barewa sun bar karatu a tsakiya saboda jiki ya gaza ɗaukar ukun.

Kowace shekara sai ta hau bene zuwa ofishin daraktan wasanni, Dwight Pankratz, mutum mai zaƙin baki wanda bai taɓa ce wa kowa a'a ba, kuma bai taɓa yi wa kowa komai ba. Zai ba ta kujera, ya tambayi lafiyar mahaifiyarta, ya ce ana dubawa. Aka yi ta dubawa har yaran da ta fara horarwa suka aurar da nasu 'ya'yan.

Sai wata shekara iyayen wasu 'yan mata suka gaji, suka ce za su kai ƙara gaban hukuma. Nan da nan Pankratz ya aika a kira ta, ya tare ta da murmushi har kunne, ya ce abin da ta daɗe tana nema ya samu, za a ba 'yan matanta tallafi. Glenda ta sauko daga benen tana jin kamar ta taka rawa. Washegari ta buɗe jaridar gari ta ga sauran labarin: za a rufe ƙungiyar kokawa ta maza, kuma darakta ya ce ba da son ransa ba ne, dokar mata ce ta tilasta masa.

Wanda ya san Dry Fork ya san matsayin kokawa a wurinmu. Kakanni sun yi, iyaye sun yi, da hunturu ba mu da wani abin kallo sai ita. Gari ya juya wa Glenda baya a yini ɗaya. A gidan shan kofi na bakin kasuwa, tsofaffin manoman da suka saba tsokanarta suka koma kallon kofunansu in ta shigo. Ranar cin abincin haɗin gwiwa a coci, kowa ya kawo kwanonsa, aka cinye komai tas, ban da abin da ta dafo, wanda ta koma da shi gida ko cokali ba a sa ba. Duane Hiebert, mai horar da 'yan kokawa, abokin zamanta a wurin aiki shekara da shekaru, ya daina amsa gaisuwarta. Babu wanda ya hau bene ya tambayi mai ofis komai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Duk wannan ba shi ya fi ci mata rai ba. Cikin waɗanda za a ba sabon tallafin akwai Yesenia Barraza, yarinyar da Glenda ta gano tana lashe tseren sakandare da takalman da suka yi mata yawa. Takalman na yayanta ne, Ramiro, wanda yake shekararsa ta biyu a kwalejin da tallafin kokawa. Mahaifinsu, Eusebio, mahauci ne a babbar mahautar shanu ta bayan gari, yatsunsa sun kumbura har ba ya iya dunƙule hannu. Gida ɗaya, an ba ƙanwa, an ƙwace wa wa.

Yesenia ta zo ta sami Glenda a bakin fili, ta miƙa mata rigar ƙungiya a ninke, ta ce ta fasa, a mayar wa Yaya Ramiro da nasa.

Glenda ko kallon rigar ba ta yi ba. Ta ce, "Ke a tunaninki in kin ajiye, shi za a ba? Sabuwar ciyawa za su shimfiɗa a filin ƙwallo da shi, ku tashi a tutar babu ku biyun."

"Koci, ba ya yi mini magana a gida. Ko kallona ba ya yi."

"Ni ma rabin gari ba sa yi mini, kin ga na mutu? Sa rigarki, an fara gudu babu ke."

Da bakinta take wannan tsaurin, amma ranar Lahadi sai ga ta a ƙofar gidan su Barraza. Uwar yaran ta zuba mata wake da gurasar masara, Ramiro ya tashi ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Glenda ta fara bayanin doka, sai Eusebio ya ɗaga kumburarren hannunsa ya tsayar da ita. Ya ce, "Malama, ni ban san doka ba, yanka na sani. 'Ya'ya biyu na haifa. Tunda kin zo, gaya mini wanne ne ba nawa ba."

 Glenda ta cinye abincinta, ta yi godiya, ta ce wa Ramiro ya zo taron hukumar kwaleji da za a yi, ya taho da abokansa duka.

An yi taron a babban ɗakin wasa, ya cika maƙil. Mutane sun zo ne su ga yadda za ta kare kanta, wasu ma sun zo da ihunsu a baki. Sai ta shigo da 'yan matanta, ta wuce kujerun da aka ware musu, ta kai su tsakiyar 'yan kokawa ta zaunar, mace kusa da namiji. Da aka ba ta dama ta miƙe, ba takarda a hannunta. Ta ce ita ba ta taɓa roƙon a cire wa yaron kowa ba, kuma dokar ba ta ambaci kokawa ba ko sau ɗaya, cewa ta yi a raba daidai. Ta ce kowa a ɗakin nan yana ganin motar 'yan ƙwallo a fake gaban otal ɗin bakin babban titi duk jajibirin wasa, alhali a garin nan za a buga wasan, gadajensu na nan a makaranta, tafiyar ƙafa. Kowa ya ga yawan mataimakan kocinsu, har da mai riƙe masa waya.

"An ce babu kuɗi," in ji ta. "To, in ba ƙira, me ya ci gawayi? Ga yaran nan a gabanku, Dwight. Dube su ka faɗa musu cewa ƙannensu mata ne suka cinye."

Pankratz ya gyara murya ya ce ai ƙwallo ce ke jawo wa kwaleji kuɗi da suna. Wani tsoho daga baya ya ce shi dai duk wasan da ya je, yana iya miƙe ƙafa a kan benci uku ya yi barci. Ɗaki ya ɗauki dariya, kuma a karon farko ba Glenda ake wa ba.

Da a ce duniya na tafiya da gaskiya, da nan labarin ya ƙare da daɗi. Ina! Hukuma ta shiga ɗaki ta fito, aka rufe kokawa duk da haka, otal kuma bai rasa baƙinsa ba. Abin da Glenda ta iya ƙwatowa shi ne alkawarin cewa duk yaron da ke kan tallafi zai ci gaba da karatu kyauta har ya gama. Yawancinsu sun tsaya. Ramiro kuwa kokawar yake so, don haka ta yi ta buga waya kamar mai neman wa ɗanta aure, har ta samo masa gurbi a wata kwaleji a Nebraska, ta ɗauke shi da kayansa ta kai shi da kanta. Ya ce tun daga Dry Fork har can faɗa take yi masa a kan yadda ya yi wa ƙanwarsa.

Sakayyarta daga saman bene ba ta daɗe ba. Aka ce ana gyaran ofisoshi, aka sauko da ita ƙarƙashin benen 'yan kallo, kusa da ɗakin wanki, kuma gyaran bai ƙare ba har yau. Da Pankratz ya yi ritaya aka ba yaronsa kujerar, ita ko tambayarta ba a yi ba, aka kuma liƙa sunan Pankratz a ƙofar ɗakin wasan. Duane Hiebert bai taɓa ce mata ta yi haƙuri ba, mutanenmu ba su iya wannan ba. Ta dai tashi wata safiya ta tarar da buhun ɗanyar masara a bakin ƙofarta, ta kuma san gonar da ta fito.

Yesenia ta yi gudunta har ta gama. Ba ta zama zakarar ƙasa ba, kofi ɗaya ta taɓa kawowa, shi ma na uku. Amma yau ita ce ke gasa wa ma'aikatan mahauta hannuwa da kafaɗu a asibitin gunduma, mahaifinta na cikin masu zuwa. Ramiro ya dawo yana koyar da kokawa a sakandare, kuma cikin ɗalibansa akwai 'yan mata da ke kayar da maza.

Koci, ke ce mai taurin kai da ba ta san ta lallaɓa manya ba, da kin iya da tuni kina saman bene. Ke ce kika sa yara kuka a bakin titi, sannan kika zauna da su a asibiti ranar da ƙafa ta karye, iyayensu na wurin aiki ba halin fitowa. An ba ki abin da kika nema a faranti, kika duba kika ga daga bakin wani aka ciro, kika ƙi yin shiru. Gagara-badau ta Dry Fork, ba ki ci nasara duka ba, kuma ba ki taɓa yi mana ƙaryar cewa kin ci ba. Mun gode. Muna cikin waɗanda suka kau da kai a gidan kofi, mun kuma gode da ba ki riƙe mu ba.

Sai dai godiyar baki ba ita take buƙata ba, kuma wanda ya kai mata fure zai sha faɗa. Ga abin da ke tafe: an fara raɗe-raɗin cewa kuɗi ya sake yin ƙasa, ƙungiyar ninƙaya ta maza ce a kan layi, kuma tuni wasu suka fara cewa ai saboda mata ne. Waƙar ba ta canza ba, mawaƙin ne kawai sabo. Hukuma za ta zauna wata mai zuwa, lokacin Glenda ta kwashe kayanta. Wanda ke da ɗa, wanda ke da 'ya, da wanda Allah ya ba duka biyun, ya zo ya zauna a gaba ya yi tambaya da bakinsa. Ta yi mana tsayuwar shekara talatin ita kaɗai, ƙafafunta sun gaji, namu kuwa lafiyarsu ƙalau.